Ra'ayinmu: Rijiya Ta Bayar, Kada Guga Ya Hana

'Yan'uwa ɗalibai da sauran masu karatu, a wannan fitowa muna so mu jawo hankalinku zuwa ga wani aiki wanda ba a yi wa mai yinsa kirari, ba a kuma yanka masa albashi, amma rashin masu yinsa yana jawo wa jama'armu hasara ba tare da an lura ba. Aikin kuwa shi ne rubuta littattafan jagora na manhajojin kwamfuta waɗanda masu su suka sakar wa duniya kyauta, da juya su zuwa Hausa, da kuma bin su da gyara a kai a kai don kada su tsufa. Mun san da yawa za su ce ai wannan zance ne na 'yan Sashen Ilmin Kwamfuta, su ya dama. Mu kuwa a namu ganin ya shafi ɗalibin Hausa, ya shafi mai koyon aikin jinya, ya kuma shafi ƙaramin ma'aikacin da aka danƙa wa waya aka ce ya riƙa aiko da rahoto daga ƙauye.

Bari mu fara da fayyace abin da muke magana a kai. Manhaja ita ce jerin umarnin da ke sa kwamfuta ko wayar hannu ta yi aikin da ake so. Akwai wadda kamfani ke kulle umarninta, ya sayar maka da izinin amfani kurum, in ta yi gardama sai ka jira shi. Akwai kuma buɗaɗɗiya, watau wadda aka baje umarninta a fili, kowa yana da ikon ya karanta, ya gyara, ya ba wani. A 1983 ne Richard Stallman ya yi shelar shirin GNU a Amurka domin a gina manhaja irin wannan, a 1989 kuma ya fito da lasisin GPL, wanda ya gindaya sharaɗi cewa duk wanda ya gyara manhajar ya rarraba ta, tilas ne ya bar wa na bayansa irin 'yancin da shi ya tarar. A 1991 wani ɗalibi kamarmu a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, yana ɗan shekara 21, ya saki Linux. A kan Linux ɗin nan aka aza Android, saboda haka wayar da ke aljihun mai shayi a tashar Tambuwal tana tafiya ne bisa gumin mutanen da bai taɓa jin sunansu ba.

Kada a ɗauka abin na can nesa ne. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya tana tattara alƙaluman asibitocin ƙasar nan da wata buɗaɗɗiyar manhaja mai suna DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke jagorancin gininta, aka kuma fara aiki da ita a jihar Kerala ta Indiya a 2006. Ma'aikacin lafiya a Jabo, ko a wani ƙauye na ƙasar Kebbe, yana cika rajistarsa kullum: yara nawa aka yi wa rigakafi, mata nawa suka zo awo, mutum nawa aka gwada aka same su da zazzaɓin cizon sauro. In wata ya ƙare sai ya haɗa jimla a kai wa jami'in ƙaramar hukuma, shi kuma ya shigar cikin manhajar, daga nan a gani a Sakkwato, a gani a Abuja. Da irin waɗannan alƙaluma ake duba inda ke bukatar magani da allura da ƙarin ma'aikata. Har wa yau akwai ODK, manhajar cika fom a wayar hannu wadda malamai da ɗaliban Jami'ar Washinton suka faro a 2008, wadda ma'aikatan yaƙi da shan inna suka yi aiki da ita a ƙasar nan kafin a tabbatar, ran 25 ga Agusta, 2020, cewa nahiyar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Ɗakunan karatu da yawa na jami'o'inmu kuma suna riƙe lissafin littattafansu da Koha, wadda aka rubuta a ƙasar Niyu Zilan a 1999, sunanta kuwa a harshen mutanen Mawori kyauta yake nufi.

To, rijiya dai ta bayar. Saura guga. Manhaja kowace iri ce, in ba a rubuta yadda ake girka ta ba, da abin da kowane maɓalli ke yi, da abin da mutum zai yi in ta ƙi, daidai take da ruwan da ka hanga a zurfin gaba goma ba ka da igiya. Wannan bayani shi muke kira littafin jagora, kuma nan ne buɗaɗɗiyar manhaja ta fi rauni ko'ina a duniya. A binciken da GitHub ya yi a 2017, kashi 93 cikin ɗari na waɗanda suka amsa sun ce sukan ci karo da jagora mai giɓi ko wadda ta tsufa, alhali kashi 60 cikin ɗari na masu taimakawa da aiki sun ce da wuya su taɓa gyara ta, ko ma ba su taɓa ba. Dalili ba ɓoyayye ba ne. Wanda ya ƙera sabon abu shi ake tafa wa, wanda ya zauna yana bayyana shi kuwa ba a cika tuna shi ba.

Bugu da ƙari, aikin ba na yini ɗaya ba ne. Manhajar yawo a intanet ta Firefox, alal misali, a kai a kai take fitowa da sabon zubi. Maɓallin da ke dama bara, bana ya koma hagu, ko an canza masa suna. Jagorar da ba a bi ta da gyara ba sai ta koma mai ɓad da mutum, gara ma babu ita, domin wanda ba shi da jagora ya san zai yi tambaya, mai riƙe da ta ƙarya kuwa da ƙarfin zuciya zai faɗa rami. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san wannan. Maginin da ya ɗora soro sau ɗaya ya yi aikinsa ya tafi, amma in ba a yi yaɓe kafin kowace damina ba, ba a kuma fasa indararo da ya toshe ba, soron ba zai ga jikoki ba.

Mu a nan wahalarmu ninki biyu ce, domin mafi yawan jagororin nan da Turanci ake fara rubuta su, kuma Turancin masana. Abin da aka saba shi ne a kira ma'aikata taron bita na kwana biyu ko uku a babban birni, a nuna musu a allo, a ba su kuɗin mota su koma. Bayan wata shida a yi wa wanda ya je bita canjin wurin aiki, ilmin ya bi shi ya tafi, magajinsa ya tarar da waya da fom ba mai nuna masa. Sai ya koma lalube. In ya sa jimlar wani wata a gurbin wani, ko ya bar gurbi babu komai inda ya kamata ya rubuta sifiri, manhaja ba za ta ji kunyarsa ta gyara masa ba, haka za ta kai Abuja. Kuskuren da aka yi a kan tebur kuwa uwa ce ke biyansa, ran da ta goyo ɗanta tafiyar sa'a biyu aka ce mata allura ta ƙare.

Akwai kuma abubuwan da ɗan ƙasa kaɗai zai gane. Masanin da ke zaune a Oslo ba laifinsa ba ne in bai san Kebbe ƙaramar hukuma ce a jihar Sakkwato, Kebbi kuwa jiha ce mai zaman kanta tun 1991 ba, ko kuma Jabo gari ne a ƙasar Tambuwal, Yabo kuwa wata ƙaramar hukuma ce dabam. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, amma harafin nan ya isa ya kai alƙaluman wani gari wani gari. Kalmar Turanci da ake rubutawa a kan maɓallin tura wa wani abu, in Bahaushe ya karanta ta da harshensa, «share» take, watau a goge, saboda haka ba mamaki in ya ji tsoron taɓa ta. Haruffanmu masu lanƙwasa ma haka: wanda ya rubuta baki a madadin baƙi, ko kafa a madadin ƙafa, ya canza magana ɗungum. Irin wannan gyara ba ya bukatar digiri a ilmin kwamfuta. Idon da ya san gida yake bukata, da haƙuri.

Wannan aiki kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar Sakkwato. Littattafan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da na Malam Abdullahi da na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ba injin ɗab'i ne ya yaɗa su a zamaninsu ba. Almajirai ne suka zauna da tawada da alƙalami suna kwafa, suna gwada kwafi da kwafi don fid da kure, suna rubuta ma'anar kalmomi masu wuya a gefen shafi, wani lokaci da ajamin Hausa ko na Fulatanci, domin na baya ya sami sauƙi. Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, ta ga cewa ilmin da ya tsaya a harshen malamai bai kai ga matan karkara ba, sai ta juya shi zuwa harshen da suke ji, ta kuma shirya 'Yan Taru, jajojinsu suna zuwa su ɗauka su kai ƙauyuka. A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA a Zariya ta buga ƙananan littattafai da jaridun larduna, har da Zaruma ta lardin Sakkwato, domin wanda ya koyi karatu ya sami abin karantawa. A babban hutun 1976 kuma an tura ɗaliban manyan makarantu karkara aikin noma a Shirin Ciyar da Ƙasa. Ashe ke nan abin da muke kira a yi yau gado ne, kayan aikin ne kurum suka sake.

Mun san akwai masu ja, kuma maganarsu tana da nauyi, ba za mu tsallake ta ba. Na farko zai ce, yaya za a ce wa ɗalibin da bai gama biyan kuɗin rajista ba ya yi aikin kyauta, alhali manyan kamfanonin duniya suna cin riba da manhajojin nan? Wannan gaskiya ce, kuma duniya ta sha ɗanɗana sakamakonta. A 2014, sa'ad da aka gano ɓarakar da aka kira Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ke tsare sirrin ɗimbin shafunan intanet, sai ta bayyana cewa 'yan tsirarun mutane ne ke riƙe da ita, gudummawar da suke samu kuwa ba ta wuce wajen dala 2,000 a shekara ba. Ba mu goyon bayan a ci da gumin kowa. Amma a dubi bambanci. Jagorar Hausa da ɗan Jabo zai rubuta wa ma'aikacin asibitin garinsu ba kamfanin Amurka zai mora ba, ƙanwarsa ce da gwaggonsa. Kuma lasisin ya hana kowa ya zo daga baya ya kulle ta ya ce tasa ce. Wannan shi ne aikin gayya: ka yi wa unguwa, kai ma cikin unguwar kake. Ban da haka, aikin yana nan a rubuce da sunan wanda ya yi shi, duk mai son ɗaukar ma'aikaci yana iya dubawa, akwai kuma shirye-shirye irin su Outreachy da ke biyan masu koyon aiki a buɗaɗɗun manhajoji, har da aikin rubuta jagora.

Na biyu zai ce ai yanzu na'ura tana fassara, me zai sa mu wahala? Lalle tana yi, kuma ba mu ce a guje ta ba. Sai dai na'ura daga rubutun mutane take koyo, in Hausar fasaha ta yi ƙaranci a rubuce, abin da za ta fitar ma haka zai zama. Sa'an nan ba ta taɓa zama a asibitin sha-ka-tafi ba, ba ta san wace kalma ungozoma za ta gane ba. Ta yi zubin farko in an so, amma sai mutum ya bi ya gwada kowane mataki da hannunsa kafin a miƙa wa jama'a. Na uku zai ce babu wutar lantarki, kuɗin data kuma ya yi tsada. Haka ne, sai dai rubutu shi ne mafi arahar abin da ake aikawa ta intanet, kuɗin da muke ƙonawa a kallon bidiyo na dare ɗaya ya isa aika shafuka masu yawa. Na huɗu zai ce kowa ya koyi Turanci mana a huta. Muna so a koya ƙwarai. Amma mara lafiya ba zai jira sai ma'aikaci ya ƙware a Turanci ba, kuma Faransawa da Jamusawa da Japanawa, duk da ilminsu, da harsunansu suke karanta jagororinsu.

To ina za a kama? Hanya mafi sauƙi ita ce mutum ya ɗauki manhaja ɗaya da yake aiki da ita, ya bi jagorarta daki-daki kamar baƙo, duk inda abin da aka rubuta ya saɓa da abin da ya gani a fuskar waya, ya rubuta wa masu ita rahoto cikin ladabi, ya faɗi shafi, ya faɗi zubin manhajar, ya faɗi abin da ya tarar. Wannan kaɗai taimako ne babba. Wanda ya ƙware kaɗan sai ya gyara da kansa ya miƙa a duba. Mai son fassara kuwa ƙofofi a buɗe suke: manhajar da ke ɗauke da Wikipedia 'yan sa kai ne ke fassara ta a translatewiki.net, fom ɗin ODK yana karɓar harsuna da yawa a lokaci ɗaya har da Hausa, shirin Common Voice na Mozilla kuma ya shigar da Hausa tun 2021. 'Yan'uwanmu na Kudu sun riga sun yunƙura, gama an kafa ƙungiyar Open Source Community Africa a 2018, ta yi babban taronta na farko a Legas a 2020. Bai kamata Arewa ta zama 'yar kallo ba.

Saboda haka muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai ta kafa ƙaramin kwamiti wanda zai haɗa 'yan Sashen Kwamfuta da 'yan Sashen Harsunan Nijeriya da masu koyon aikin lafiya. Kada kwamitin ya yi haɗama. Ya ɗauki manhaja ɗaya tak, ya fara da tsara jerin kalmomi, domin kada wannan ya rubuta «adana», wancan ya rubuta «ajiye», na uku ya rubuta «taskace», mai karatu ya zaci abubuwa uku ne. Ba daga fako za a fara ba, akwai Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace aka buga a 1990, akwai kuma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. In hutu ya zo, kowa ya tafi garinsu da abin da aka rubuta, ɗan Jabo ya nemi izini ya zauna da ma'aikatan Jabo, ɗan Kebbe da na Kebbe, su karanta a gabansa, duk inda suka yi tuntuɓe ya sa alama. Shafin da ma'aikaci bai gane ba, laifin marubuci ne, a koma a sake shi.

Muna roƙon hukumomin jami'a su dubi yiwuwar karɓar irin wannan aiki a matsayin aikin kammala digiri ko na koyon sana'a, in dai malami ya duba shi. Masu bautar ƙasa suna da ranar aikin raya al'umma kowane mako, ga abin da za su cika ta da shi. Ku kuma matasan ma'aikata, ku ne kuka fi kowa sanin inda takalmi ke matsi. 'Yar takardar nan da kuka rubuta wa kanku kuka liƙa a bango don kada ku manta matakai, ita ce jagorar da wani ke nema ido rufe. Ku fito da ita a gyara a raba. Ma'aikatun jiha kuwa, duk sa'ad da za su kashe kuɗi a taron bita, ya kamata su sa sharaɗi cewa sai an bar jagora da Hausa, a buɗe, wadda kowa ke da ikon kwafa da gyarawa.

Akwai gargaɗi biyu da ba za mu rufe ba tare da su ba. Na ɗaya, amana. Wanda zai ɗauki hoton fuskar waya don misali, kada ya kuskura ya bar sunan mara lafiya ko lambar wani a ciki, ya ƙirƙiri na gwaji. Na biyu, ɗorewa. Mun saba da ƙungiyoyin da ake ƙaddamarwa da kaɗe-kaɗe, shugabanninsu na gama karatu su mutu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Duk wanda ya ɗauki shafi ya san ya ɗauki nauyin duba shi duk lokacin da manhajar ta sake, in kuma zai bar makaranta ya danƙa wa na bayansa hannu da hannu, a rubuce. Shafi goma da ake kula da su sun fi ɗari da aka yasar.

Talakawan ƙasar nan ne suka ɗauki nauyin karatunmu, da harajinsu da haƙurinsu, yawancinsu kuwa ba za su taɓa taka harabar jami'a ba. Ba dukanmu ne za mu gina asibiti ko mu haƙa rijiyar burtsatse ba, amma kowane ɗayanmu yana iya zama sa'a biyu a mako ya mai da magana mai wuya ta zama mai sauƙi. Mujallar nan a shirye take ta buga jerin kalmomin kwamitin a fitowa ta gaba domin masu karatu su yi gyara, muna kuma jiran wasiƙunku, musamman na waɗanda ba su yarda da mu ba.

Allah ya sa mu dace.

Edita